Ragowar Shayi a Ɗakin Gilashi

Surukina Dabo ke gadin wani tsohon ɗakin gilashi a unguwar Malaz, inda ake rainon tsirran ƙasashen ruwa masu ganye kamar gashin jimina. Na je kallo dab da magariba. Ya ja mini ƙofa, ya tafi alwala.

Ni da furfurata, na watsa ragowar shayi mai zafi a gindin tsirran, ba bisimilla.

Sai kukan jariri. Wata mata ta ratso da goyo, ko ganye ɗaya bai motsa ba.

"Baba, kai ka zuba?"

Na murɗa ƙofa, ta ƙi. Na ƙwala wa Dabo kira.

Ta kwance goyon, ta miƙo mini. Fatar bayansa ta saɓule, tana ƙamshin na'a-na'ar shayina.