Makirufo Biyu a Reshen Maina

Da faɗa suka fara, kuma babu mai ganin laifin Zulaiha.

Abdulrahim na zaune a ɗan situdiyonsa a bayan kasuwar Azare, sai ga budurwa ta banko labule ko sallama babu, ta dangwara masa kaset.

"Kai ne ka ɗauki kiɗan Bappa Hammawa na Bulkachuwa?"

"Ni ne. Sannu da..."

"Riƙe sannunka! Mahaifina ne. An sa kaset ɗin nan a kasuwa, ana ta dariya wai gwangwani ake bugawa. Mutumin da ya tsufa yana yi wa manoma kiɗan gayya, kai ne za ka mayar da shi abin dariya?"

Maimakon ya kare kansa, bawan Allah sai ya saki baki yana kallonta.

Gaskiyarta ce kuwa. Makirufon mawaƙa ya kafa a bakin gangar, alhali Bappa ba ya kiɗa a wuri guda, tafiya yake yana juyi kamar yana bin manoma a gona. In ya matso sauti ya fashe, in ya ja baya ya ɓace. Ga hannun tsohon ya fara rawa. Shi ya sa ma ya yarda a ɗauka, tun kafin kiɗan ya gagare shi.

"Zan gyara," in ji Abdulrahim. "Ba ni lambarki."

"Zan ba ka, don in samu inda zan zage ka."

Da zagin aka soma, har aka kai ga saƙonni irin wannan: "Masifaffiyata, yau ba ki yi min faɗa ba, na kasa cin abinci." Ita kuma ta mayar: "Gyara wa Bappa kiɗansa tukuna, Malam Gwangwani. Amma ka ci abincin."

Da Bappa ya ji wanda ke zuwa zance, ya yi tsalle ya dire. "Yaron da ya wulaƙanta min ganga? Kada in ƙara ganin babur ɗinsa a ƙofar gidana!" Shi dai ɗayan manemin nata, Maikuɗi, ya fi kwanta masa, mai hayar kayan sauti a bukukuwa, wanda ke yawo da ƙaton makirufo mai ruwan zinare.

Abdulrahim ya gano maganin: makirufo biyu iri ɗaya, a rataye sama da kan makaɗi, duk inda ya juya suna jin sa. Sabbi masu tsada sun fi ƙarfinsa, masu araha kuma ba a sanin nagari sai an gwada da ganga ta gaske. Ya roƙi Zulaiha. Ta naɗe gangar Bappa a zane ta miƙa masa a ɓoye.

Sai ga Maikuɗi ya hango shi a tasha da gangar, zai hau motar Kano. Ko tsayawa tambaya bai yi ba, sai Bulkachuwa. "Bappa, yaron nan ya tafi Kano sayar da gangarka!"

Ranar gidan ya kama da wuta. Gangar da Bappa ya gada, ko ƙannensa ba sa taɓa ta! Zulaiha ta kira ta kira, waya ba ta shiga. Tana kuka ta rubuta: "In har gaskiya ne, Allah ya isa tsakanina da kai. Na yarda da kai, ka ci amanata."

Shi kuwa Abdulrahim yana can Kano yana bin shagunan 'yan gwanjo, ana yi masa kallon mahaukaci. Kowane makirufo sai ya sa an ɗaga shi sama, ya narka wa gangar duka, ya saurara. Wannan ya fashe, wancan ya yi tsuwa, wani kuma ba shi da ɗan'uwa. Da ƙyar ya dace da wasu sirara guda biyu, duk fentinsu ya goge, amma murya ɗaya suke bayarwa.

Kashegari ya iso ƙofar gidan. Kafin ya yi sallama, ya rataye makirufon biyu a reshen bishiyar maina da ke wurin, ya kunna na'urarsa.

Bappa ya fito yana huci ya fizge gangar. Zulaiha ta ɗaga kai ta ga abin da ke lilo.

"A kan waɗannan 'yan tsinken ka jawo min zagi? Tsofaffi ma! Darajar ubana ke nan a wurinka?"

"Bappa, a duba gangar," in ji Abdulrahim, kansa a ƙasa. "In na lalata ta, a yi min duk abin da aka ga dama."

"Sai ka faɗa min in duba?"

Bappa ya rataya gangar, ya kai mata duka cikin fushi. Ya ƙara. Kafin ka ce me, ya manta da su, yana zagaya gindin mainar yana kiɗan gayya irin wanda rabonsa da shi tun hannunsa na da ƙarfi. Maƙwabta suka cika wurin. Da ya tsaya yana haki, Abdulrahim ya mayar da kaset baya ya kunna.

Sai ga gangar tana magana, da amonta da nauyinta, har da takun ƙafarsa. Bappa ya zauna a ƙasa yana saurare. Maikuɗi, da ke cikin 'yan kallo, ya sulale.

"Yaro," in ji Bappa, "sata dai ka sa aka yi min, kuma ban huce ba. Ka turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Lokacin hannun Bappa ya daina riƙe komai, kuma da ma uba ba ya yi wa 'yar cikinsa kiɗan biki, kunya ba ta bari. Amma da aka fito da amarya, sabon kaset ɗin aka sa. Zulaiha ta ji gangar, ta fashe da kuka a cikin mayafi.

Bappa na zaure yana saurare. Ya share ido da hannun riga.

"Ashe zan raka ta da gangata," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."