Ƙasa a Tayar Keke

"Ka ce masa ka wanke, Declan. Ka ce ka wanke, shi ke nan."

"Ban wanke ba, Fio."

A ƙofar gonarmu muke tsaye, gefen daron ruwan maganin da duk mai shiga sai ya tsoma takalmi a ciki, ya goge tayar kekensa da buroshi. Papa yana daga ciki, ya riƙe ƙyauren da hannu biyu kamar za a ƙwace masa. A bayansa Dario ne, ɗan maƙwabtanmu, ya harɗe hannu yana kallon duwatsu, wai shi ba ruwansa.

"Kin ji da kunnenki, Fiorella," in ji Papa. Ko kallon Declan bai yi ba. "Mahaifina ya shuka inabin nan da hannunsa. Ya tsallake fari, ya tsallake gobarar daji. Sai ga mai yawo da baƙi a keke ya gama da shi."

Da safiyar ranar ma'aikaciyar gona ta tona gindin tsofaffin itatuwan inabin da ke kan tudu, na kakana Nonno, ta nuna mana ƙwaron saiwa. Ɗan mitsitsi ne, rawaya, da ƙyar ido ke ganinsa. A cikin ƙasa yake tafiya, a tafin takalmi, a taya. Ba shi da magani. Sauran gonar ba abin da zai same ta, don an ɗaura rassanta a kan saiwar da ƙwaron ba ya ci. Na Nonno kuwa a kan saiwarsu ta asali suke, kuma da su Papa yake yin giyar da ke ɗauke da sunanmu.

Duk za su mutu.

Abin da ya fi ci mini rai, a duk kwarin nan ba wanda ya kai Declan wanke taya. Baƙin da yake zagayawa da su daga gona zuwa gona har tsokanarsa suke, wai sun biya kuɗin ɗanɗana giya sun ɓige da wankin keke. Sau ɗaya ya yi sakaci. A bazarar da ta wuce ya bi da ni ta hanyar baya, inda ba daron magani, muka hau tudun muna haki, ya jingine kekunan a tsakiyar layin Nonno ya durƙusa ya nemi aurena, ya sa mini zobe, don na taɓa gaya masa a nan na koyi tafiya.

Dario yana kan tarakta a gonarsu, ya gan mu.

"Ni fa ba na son shiga maganar iyali," in ji Dario a hankali. "An tambaye ni ne, na faɗi abin da na gani."

"Wa ya tambaye ka?" na ce.

Papa ya ja ƙyauren ya sa sakata.

Kafin mako ya zagayo, labarin ya gama kwarin. Dario ya kai shi kantin kayan gona, ya kai shi ƙofar coci, ko'ina yana girgiza kai cikin jimami. Gonaki suka riƙa rufe wa Declan ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma kullum sai na tarar da Dario a kicin ɗinmu yana shan kofi da Papa, yana cewa in an tumɓuke tudun, injinansu suna nan, ai mun zama ɗaya.

Ranar Asabar na hau kekena na gangara rumfar kekunan Declan. Na same shi yana loda kekuna a bayan mota.

"Ina za ka?"

"Ƙanena ya ce akwai aiki a bakin teku."

"Ni kuma fa?"

Ya ajiye igiyar da ke hannunsa. Idonsa ya yi ja, amma sai da ya ƙaƙalo murmushi.

"Ke ai ko hawan tudu ba ki iya ba. Kullum sai na tura ki."

"Declan, ba wasa na zo yi ba."

"Na sani, masoyiyata... Na sani." Ya shafa kumatuna da bayan hannu, don tafinsa duk baƙin mai ne. "In na zauna, duk ranar da kika kalli tudun nan babu komai a kansa, ni za ki gani. Yau kina sona, za ki ce ba haka ba ne. Nan da shekara goma fa?"

"Da ka yi ƙarya, da yanzu..."

"Da yanzu kina shirin auren maƙaryaci."

Na cire zoben don in jefe shi da shi, hannuna ya ƙi. Na mayar, na hau keke, na bar shi tsaye.

Ban nufi gida ba. Tudun na nufa, ta hanyar mota, na tsaya na wanke taya ina kuka, ina jin haushin kaina da nake wankewa bayan aikin gama ya gama. Hawan ya ci ƙafafuna, ba mai tura ni. Can sama duwatsu sun yi shuɗi, iska na kawo ƙamshin inabin da ya nuna. Na je daidai inda Declan ya durƙusa, don in yi kukana a wurin.

Ganyen wurin kore ne shar.

Na tsaya. Na duba hagu, na duba dama. Lafiya lau. Na riƙa gangarawa ina jan keken, layi bayan layi, sai can ƙasa ganye ya fara rawaya. Inda ya fi muni, inda rassan suka tsumbure, bakin ƙaramar ƙofa ne, wurin da injin girbi ke juyowa.

A nan na tarar da Papa zaune a kan akwatin inabi, hularsa a gwiwa.

"Papa, daga nan ya fara."

Ya sunkuyar da kai.

"Mu can sama muka tsaya. Kuma itace ba ya lalacewa haka a 'yan watanni, kai ka koya mini." Na nuna masa ƙaramar ƙofar. "Shekarar da hadari ya taso ana tsakiyar girbi... Dario ya kawo injinsu kai tsaye daga gonar hayi. An kai shi rumfar zafi an gasa shi don kashe ƙwaro kafin ya shigo?"

Papa ya daɗe yana murza bakin hular.

"Da an kai shi, da ruwa ya riga mu," ya ce da ƙyar. "Dario ya ce ya wanke da tiyo. Na ga laka a ƙarƙashinsa, Fiorella. Na gani. Ni na buɗe ƙofar."

"Kuma ka bari..."

"Ba wanda zai iya tabbatar da ta inda ya shigo."

"Amma kai ka san inda zuciyarka ta fi zargi."

Sai ya rufe fuska da hular. Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba, ko ranar da aka binne Nonno.

"Ta yaya zan je kabarinsa in ce ni ne?"

Na so in yi masa ihu. Na so in rungume shi. Na durƙusa kawai na riƙe gwiwarsa, ina kallon itacen da ke gabanmu, tsoho, murɗaɗɗe, da 'yan nonnan inabinsa na ƙarshe.

"Na sama suna da rai," na ce. "In sanyi ya shigo za mu yanki rassansu, mu ɗaura a kan sabuwar saiwa. Inabin Nonno ne dai zai fito."

"Ba zai zama ɗaya ba."

"Ba zai zama ba. Amma ya fi babu."

Muka sauko tare, shi a ƙasa, ni ina jan keke. Tun daga nesa na hango motar Declan a ƙofar gona, kekuna jere a bayanta. Ya zo ajiye mabuɗin rumfar da yake haya a wurinmu. Bai shigo ba. Yana tsaye da ƙafa biyu a cikin daron magani, yana jira a buɗe. Dario na jingine da shinge, yana ce masa ya rataye mabuɗin a nan, zai miƙa.

Papa ya zare sakatar. Ya dubi Dario, kallon da ya sa shi sauke hannu daga shingen.

"Je ka gida, Dario. Ka gaya wa mahaifinka zan zo, akwai maganar injin girbi. Daga can kantin kayan gona zan wuce, ni ma ina da labarin da zan bayar."

Sannan ya juya ga Declan. Ya sunkuya ya ɗauki buroshin, ya miƙa masa.

"Fita daga ruwan nan haka, kafin ya cinye maka takalmi."

Declan ya karɓa yana kallona, bai gane komai ba.

"Fio... me ke faruwa?"

Na share fuskata da gefen riga, na ɗaga hannun da zoben yake yadda su ukun za su gani.

"Sauke kekunan nan, Declan, ba inda za ka. Da sanyi za mu yanki rassan Nonno, ni da kai da Papa. In aka gama dashe, a kan tudun nan zan aure ka."