Murfin But Ɗin Jif

Gam! Shiru. Gam! Sai wani ƙiiii, kamar akuya ta haɗiye usur.

Na leƙa ta ramin katangar da ke tsakanina da tsohon garejin bayan gidana. Mutum uku ne a bayan wata baƙar jif mai girman ɗakin kwana, suna buga murfin but ɗin kaya na bayanta, yana komawa sama. Oga Kunama ne shugabansu, sai Sitiyari direba, sai Guntu mai riƙe bindiga.

"Wannan ma bai shiga ba, Oga," in ji Guntu.

"Ina da ido."

Sauran labarin a kotu na ji shi. Sun ƙwato jif ɗin ne a gidan wani attajiri. Wajen gudu Sitiyari ya yi baya ya daki ginshiƙin ƙofa, murfin ya lotse kamar tsohon kwano. Wanda ya yi odar a sato masa motar kuwa ba ya wasa. Ya aiko cewa ko a kawo ta lafiya lau kafin ƙarshen mako, ko a kawo masa ƙafar Kunama ta dama.

"Mu je kasuwar kayan mota mu sayi na hannu mana," in ji Sitiyari.

"Saye? Ni? Ka taɓa ganin kura a layin mahauta?"

Sai suka shiga fashin murfi. Su tare jif a hanya — "Kowa ya kwanta!" — Guntu ya ɗora bindiga, Sitiyari ya fito da sifana. Wani mai shagon gwal ya miƙa makulli da agogo.

"Riƙe kayanka, Baba. Haska mana nan."

Murfin farko ƙirar bara ne, ramukan kusoshi ba su hau ba. Na biyu gefe yake buɗewa. Na uku ya ɗauru daram, amma wayoyinsa daban, ya ƙi rufuwa, shi ne mai kukan da na ji.

A ofishin 'yan sanda, Saje ya dubi manyan mutanen da suka cika masa benci, kowa motarsa na waje da baya a buɗe.

"Ba a taɓa ku ba? Ba a ɗauki komai ba sai murfi?"

"Sai murfi."

"To ku koma gida. Mai neman abin nan zai gaji ya zo kasuwa."

Ya ɗauki kujera ya zauna a shagon da ya fi kowanne tara kayan manyan motoci, ba kaki. Ranar Juma'a sai ga Sitiyari, Oga ya aiko shi a ɓoye don kada Guntu ya ji an yi ciniki. Ya karanto lambar ƙirar motar. Saje ya dafa kafaɗarsa.

"Ƙanena, murfi ɗaya ne, ku uku ne. Wa kake so ya kwana a gida?"

A nan suka ƙulla yarjejeniya. Da yamma murfin ya iso gareji. Aka ɗaura. Ya sauko a hankali, ya ce ƙyas. Kunama har da shafa shi.

"Saura gwaji, Oga," in ji Sitiyari. A sana'arsu ba a yarda da but sai an rufe mutum a ciki an ga ba ya iya fita. "Guntu, shiga."

"Guntu ko a jaka zai shiga," in ji Kunama. "Matsa."

Ya naɗe ƙafafu ya shige. Attajirin da suka ƙwace wa jif ɗin mai karnuka ne, akwai ragar ƙarfe tsakanin but da kujeru. Ƙyas!

Sitiyari ya faɗa mazaunin direba, ya ba motar wuta, ya ɓalle ƙofar gareji!

"Kai! Ɗan iska! Buɗe!" Kunama ya yi ihu daga cikin but.

Guntu ya biyo su da gudu yana harbi sama, bai ma san wa yake bi ba. A bakin layi 'yan sanda na jira. Tau! Tau! Guntu ya faɗi kusa da famfo, takalminsa ɗaya a kwata.

Kunama ya isa ofis a naɗe, ƙafarsa ta dama lafiya, yanzu tana cikin mari. Sitiyari bai kwana a gida ba, Saje ya ce mantuwa ya yi da alƙawarinsu. Attajirai suka zo kowa ya ɗauki murfinsa, biyu suka yi faɗa a kan ɗaya.

Muna tsaye ana wanke bakin famfo, matar telan layinmu ta ce, "Shi wannan da aka kashe, akwai wanda ya san inda uwarsa take?"