Ƙulli Uku na Iya Dela

A wani ƙauye kusa da Roni akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da ƙoƙari, sai dai akwai ta da gaggawa. In ta ji magana sau ɗaya, shi ke nan ta zama malama a kanta.

Da damina ta matso, kakarta Iya Dela ta yankar mata 'yar gayauna a gindin dutse. Ta ba ta ƙulli uku na iri: gero, wake da riɗi.

"Ki kula da geron nan," in ji Iya Dela. "Irin marigayi kakanki ne. Shekara talatin yana shuka shi."

Ranar kasuwa yarinyar ta ji ana cewa riɗi ya yi tsada. Ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta kai geron da waken wurin mai awo, ta musanya su da riɗi. Ta shuke gonar da riɗi zalla. Iya Dela ba ta sani ba, domin ciwon ƙafa ya hana ta zuwa gona.

A watan Agusta aka yi kwana huɗu ana ruwa. Ruwan ya gangaro daga dutse ya kwanta a gonar. Riɗin ya yi rawaya, ya ruɓe. A gonakin maƙwabta wake ya lalace, amma gero yana nan tsaye.

Yarinyar ta dawo gida. Ba riɗin ne ya fi damunta ba. Geron kakanta ne, wanda ta ɓatar da shi da hannunta. Ta durƙusa gaban Iya Dela ta faɗi gaskiya tana kuka.

Iya Dela ta kau da kai, ta ci gaba da shafa ƙafarta mai ciwo. Wannan ya fi wa yarinyar zafi a kan duka.

Ranar Asabar goggonta Sa'adiyya ta zo daga Kazaure, inda take aikin gwamnati. Da ta ji labari, sai ta zaunar da yarinyar kusa da ita. Ta ce ita ma ta taɓa yin irin wannan kuskure. Ta zuba ajiyarta duka a kamfani ɗaya, darajarsa ta faɗi, ta yi asara.

"To yanzu yaya kike yi, Goggo?"

Goggo ta nuna mata a waya. Ta ce akwai wani asusu da ake kira ETF, ana saye da sayar da shi a kasuwar hannun jari. In ka sayi kaso ɗaya, ka sami ɗan rabo a kamfanoni da yawa, na siminti, na abinci, na sadarwa.

"Ke nan ba a asara?"

"Ana yi, 'yata. Wani lokaci duka sukan sauka tare. Amma faɗuwar ɗaya ba ta tafiya da komai. Kuma sai da na tambayi masana kafin na saya."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Kamar ƙulli ukun Iya."

Iya Dela, da ke zaune tana jin su, ta kira yarinyar. Ta aike ta gidan wata tsohuwa ƙawarta, Fatu, ta ce ta karɓo mata ajiyarta.

Yarinyar ta dawo da wani ɗan ƙulli. Ta kwance shi. Geron kakanta ne.

"Ni ma ban taɓa ajiye shi a wuri ɗaya ba," in ji Iya Dela tana murmushi. "Riƙe shi. Baɗi ke za ki shuka."

Yarinyar ta rungume ƙullin da hannu biyu. Daga ranar ta gane cewa ba a zuba duk abin da aka mallaka a wuri ɗaya, kuma ana neman shawara kafin a yanke hukunci.