Man Ƙafar Inna

"To ni fa? Ni katako ce a gidan nan?"

Maganar ta kuɓuce mini kafin in kama bakina. Mijina yana durƙushe gaban keken Inna, mahaifiyarsa, yana shafa mata mai a ƙafa kamar yadda ya saba in ya dawo daga shago. Ya ɗago ya kalle ni kamar na yi saɓo.

Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Inna ya shanye, magana ma sai da ƙyar. Ni ke mata wanka, ni ke canza shimfiɗa, in juya in ba 'yan biyu abinci, in goya auta ina wankin zannuwa. Shi kuwa da ya shigo sai wurin Inna, daga nan yara su haye shi. Ni nawa rabon "sannu da gida" ne, ita ma a tsaitsaye.

Wallahi kishi nake. Kishin tsohuwar da ba ta iya ɗaga cokali! Ina jin kunyar abin, amma kunyar ba ta rage shi ba. Har na ƙudura gobe zan tafi gidanmu.

"Haba, masoyiyata... da Inna kike kishi?"

"Da ita ɗin. Yaushe rabonka da riƙe hannuna?"

Na sunkuya zan ɗauke kwanon Inna in bar musu ɗakin, sai na ga ta janye ƙafarta mai lafiya. Ya sake kamowa, ta sake janyewa. Ashe duk ta ji.

Ta cafke wuyan hannuna, da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ɗora a tafin ɗanta.

"Nan... ya fi... tsagewa."

Ya juya hannun a hankali. Sabulu ya cinye yatsun, duk sun faffashe. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun ranar da aka sallamo Inna daga asibiti. Idonsa ya ciko.

"Ki yafe mini, uwar 'ya'yana. Kullum ina kallonki, ban gani ba."

Ya zuba man. Ya yi zafi, na yi kuka, ban janye ba.

Inna kuwa ta juya fuskarta bango ta hau minsharin ƙarya, ita a dole barci take.