Zangarnu Masu Shuɗin Ƙyalle

A Tanout ruwan sama ba ya gajiyar da kowa. Yakan zo, ya gaisa, ya wuce. A waccan shekara ko gaisuwar ma a tsaye ya yi ta.

A wata unguwa kusa da kasuwar dabbobi akwai wata yarinya ƴar lakwal, wato makarantar boko. Tana da ƙoƙari a aji. Ta iya lissafi, ta iya Faransanci daidai gwargwado. Abin da ba ta iya ba shi ne sauraron labari har ƙarshe.

Kakanta Amadu ya rasu da bazara, kafin ruwan farko. Ya bar tabarma da buta da wani tsohon rawani shuɗi. Ya bar kuma wurin zamansa a gindin bishiyar bedi, inda yanzu akuya ke kwanciya. Ba wanda ya kore ta. Gara akuyar da a riƙa ganin wurin fayau.

Lokacin da Kaka yake da rai, ƙarshen damina lokacin fita ne. Yara suna hutu, hatsi ya fara nuna. Sai gida duka a hau amalanken jaki a tafi gona cin tumu. A yanko sabuwar zangarniya, a gasa a wuta, a murza a tafin hannu, a hure, a watsa a baki.

Kowace shekara Kaka yakan zauna a inuwar aduwa ya gyara murya.

"Shekarar da ruwa ya ƙi mu, ina yaro kamar ku..."

Daidai nan ake hura wuta. Daidai nan kuma yarinyar take tashi da gudu. Farkon labarin ta haddace shi. Ƙarshensa ba ta taɓa ji ba.

Bana ba a yi fitar ba. Shukar farko ta tsiro, ruwa ya ɗauke, ta ƙone. Ɗan abin da ya rage na irin gida, Baba ya shuka shi a kwarin da ke gindin aduwa. Sauran gonar ya cika ta da irin da ya sayo a kasuwa. Na kasuwa ya yi tsawo sosai, ya yi ganye mai kyau. Hatsi ne kawai ya manta bai yi ba.

A kwarin ma tsutsa ta ci rabonta. Zangarnu kaɗan ne suka cika. Wata safiya Baba ya ɗauko rawanin Kaka, ya yayyage shi siri-siri. Yarinyar ta bi shi gona tana riƙe masa butar ruwa. Ya bi zangarnun nan masu kyau ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura musu ƙyalle.

"Masu ƙyallen nan ba na ci ba ne," in ji shi. "Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Ta ji ɗin. Ba ta dai tambayi dalili ba.

A cikin satin ne Yahuza, ɗan kawunta, ya zo hutu daga Damagaram. Yana da takalmi mai igiya da baki mai yawa. Komai ya gani a Tanout, akwai wanda ya fi shi a garinsu.

"Ina tumun naku da ake cika mana kunne da shi?" ya tambaye ta.

"Yana gona."

"To mu je mu gani. Ko shi ma sai baɗi?"

Suka tafi da hantsi, su da wasu yaran maƙwabta. Yarinyar ce a gaba, da ashana a ƙulle a bakin zanenta. Ta karyo zangarniya a bakin gona ta miƙa masa. Yahuza ya murza, ya hure. Ba abin da ya rage a hannunsa.

"Kai, madalla," in ji shi. "A garinku iska ake nomawa?"

Yara suka fashe da dariya. Yarinyar ta juya ta dubi Yahuza.

"Ba ka ga na gaske ba," ta ce. "Ku biyo ni."

Ta kai su kwari. Ga zangarnu nan cike, masu nauyi, kowace da shuɗin ƙyallenta.

"Wannan ƙyallen fa?" wata ƙaramar yarinya ta tambaya.

"Don a gane masu daɗi ne," in ji ta.

Ta so ta yanki biyu kawai. Amma yaran suna da yawa, kuma Yahuza ya yi shiru a karon farko tun zuwansa. Shirun nan ya yi mata daɗi. Ta ƙara biyu. Ta ƙara wasu. Wuta tana ci, baki yana ci. Da rana ta take, ba sauran shuɗi a kwarin.

Suna lasar hannu Baba ya iso da garma a kafaɗa. Ya dubi karan da aka yanke wa kai. Ya dubi toka. Yaran maƙwabta suka tuna ana nemansu a gida.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa, ya tsince ƙyallayen daga ƙasa. Wasu sun ƙone a gefe. Ya kakkaɓe su, ya ninke, ya sa a aljihu.

"Ya yi daɗi?" ya tambaya.

"Ya yi, Baba," ta ce a hankali.

"To, alhamdu lillahi. Shukar baɗi ce kuka ci."

Ya juya ya kama hanyar gida. Da ya doke ta da ya fi mata sauƙi.

Gidan ya ƙara yin shiru. Inna ta kawo tuwo, Baba ya ci loma biyu ya wanke hannu. Washegari Yahuza ya tuna yana da karatu mai yawa a Damagaram. Aka raka shi tasha.

Yarinyar ta sami Inna tana tankaɗe.

"Inna, ba sai a sayo wani irin a kasuwa ba?"

"Kin ga abin da na kasuwa ya yi mana bana."

"To mene ne bambancinsu? Ai hatsi hatsi ne."

Inna ta ajiye rariya ta dube ta.

"Shekara nawa Kakanki yana ba ku labarin nan?"

"Na san farkonsa."

"Je ki tambayi babanki ƙarshensa. Ni hannuna da aiki."

Baba yana zaune a gindin bedi, kusa da akuya. Yarinyar ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ka yi haƙuri. Ina so in ji labarin Kaka."

Baba ya gyara zama. Can ya fara, ba tare da ya dube ta ba.

"Shekarar da ruwa ya ƙi su, Kakanki yana yaro kamar ke. Gonaki suka ƙone, dabbobi suka mutu. A gidansu akwai dami guda na iri a rataye a ɗaki. Hatsi ne mai saurin nuna. Ruwa kaɗan yake so, shi ya sa yake yi a ƙasarmu. Suna ganinsa kullum. Suka ci ganye, suka ci dusa. Ƙanin Kakanki bai kai damina ba. Amma ba a sauke damin nan ba."

"Don me, Baba?"

"In sun ci, su ƙoshi sati guda. In sun bari, su shuka. Da ruwa ya dawo suka shuka. Tun daga ranar, kowace shekara ana zaɓar zangarnun da suka fi kyau, a ɗaura musu alama, a bar su su bushe a kan kara. Daga irin nan aka yi tuwon da ya raine ni. Daga shi aka yi wanda ya raine ki."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Su suna jin yunwa ba su ci ba," ta ce. "Ni ko yunwar ban ji ba."

"Haka ne," in ji Baba. Bai ƙara mata ba, bai kuma rage mata ba.

Hawaye suka zubo mata. Ta share da bakin zane, ashanar nan ta faɗo ƙasa. Ba wanda ya ɗauka.

"Ba wanda yake da irin sai mu?"

"Kakanki yakan ba kowace ƴarsa zangarnu kaɗan ranar da za ta tafi gidan miji. An daɗe. Wa ya sani ko akwai wadda ta riƙe."

Sai yarinyar ta tuna wani abu. Duk lokacin da Gwaggo Kadi, yayar Baba, ta zo daga Falanko, Kaka yakan tare ta da tambaya ɗaya tun kafin ta sha ruwa.

"Baba, Kaka yana ce wa Gwaggo, 'Ina amanata?' Ita kuma ta ce, 'Tana gona tana gaishe ka.' Na ɗauka akuya ce."

Baba ya ɗago kai. Ya ciro waya daga aljihu ya buga. Gwaggo Kadi mace ce da ba ta yarda waya tana kai murya ba, don haka takan taimaka mata da ɗaga murya. Duk gidan ya ji amsarta.

"Akwai, Husaini! Ɗan fili ne a bayan gari. Amma tsuntsaye sun sa shi gaba, ni kuma ƙafata ta ƙi. Wa ka ce ya cinye naku?"

Baba ya faɗa mata.

"To, aiko min ita! Mai ci ita ta san yadda masu ci suke tunani."

Ranar kasuwa Baba ya sa ta a mota, ya damƙa ta hannun wata maƙwabciya mai zuwa Falanko. Kafin motar ta tashi, ya miƙo mata ƙyallayen rawanin ta taga.

Hanya ba ta da abin kallo. Gonaki ne masu launin toka, da garken awaki suna bin makiyayi. Gwaggo Kadi tana jiranta a bakin hanya, tana dogara sanda.

"Ke ce babbar tsuntsuwar Tanout? Sannu da zuwa. Na zaci za ki fi haka ƙiba."

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya lau. Sha ruwa, gobe akwai ihu."

Ihun kuwa an yi shi. Da gari ya waye Gwaggo ta nuna mata zangarnun da suka fi cika, yarinyar ta ɗaura musu shuɗin ƙyalle da hannunta. A tsakiyar gonar akwai rumfa. An ja igiyoyi daga rumfar zuwa gefuna, an rataya musu gwangwanaye. Tsuntsayen ƙanana ne masu jan baki, suna zuwa kamar hayaƙi. In sun sauka, sai ta ja igiya, ta yi ihu. Su tashi, su zagaya, su dawo.

Haka kullum, daga safe har rana ta yi sanyi. Muryarta ta dushe. Igiya ta yi mata kanta a hannu. Sauran yaran garin suna zuwa wanka tafki, tana jin dariyarsu daga nesa.

Wata rana da azahar yunwa ta kama ta. Gwaggo ta makara da kawo fura. Ga zangarniya mai ƙyalle dab da rumfa, tana ƙamshi. Yarinyar ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta. Sai ta ja igiya da ƙarfi, ko da yake ba tsuntsu ko ɗaya a gonar.

Gwaggo tana tafe da ƙwarya, ta ga komai.

"Wa kike kora?"

"Ni, Gwaggo."

Gwaggo ta yi dariya har sai da ta zauna.

Da hatsi ya bushe aka yanka. Gwaggo ta ware masu ƙyalle, ta raba biyu, ta ɗaure rabi.

"Kai wa babanki. Ki ce masa amanar tsoho tana gaishe shi."

Damin ƙarami ne. Yarinyar ta rungume shi a mota tun daga Falanko har Tanout, ba ta yarda an ɗora shi a sama ba. Baba ya karɓa, ya murza ƙwaya kaɗan, ya ciza ɗaya. Ya rataye damin a ɗakin Kaka. A ranar ya cinye tuwonsa, har ya nemi ƙari.

Da aka koma lakwal, Madam Radiya, malamar ajinsu, ta tambayi kowa inda ya je hutu. Wani ya je Agadas. Wata ta je Damagaram.

"Ke fa? Me ya sami muryarki?"

"Na je Falanko korar tsuntsaye, Madam."

Aji ya yi dariya.

"Me kika koyo a can?"

"In babba ya ce kada a taɓa abu, in tambayi dalili kafin in kai hannu. In yana ba da labari kuma, in tsaya in ji ƙarshensa."

"Kun ji," in ji Madam. "Wannan ba ya cikin jarrabawa, amma ku riƙe shi."

Damina ta zagayo. Ruwan bai yi yawa ba, don Tanout ba ta canja hali ba. Amma ya ishi irin Kaka. Aka sake hawa amalanke, gida duka, har da Yahuza. Baba ya miƙa wa yarinyar ƙyallaye ta ɗaura. Sannan ta tara ƙananan yara a inuwar aduwa.

"Shekarar da ruwa ya ƙi su, Kaka yana yaro kamar ku..."

Yaran suka fara waige-waige, suna neman inda za a hura wuta. Ba a hura ba. Ashanar tana hannunta, kuma ba ta sake ta ba sai da ta kai ƙarshen labarin.