Allurai Biyu Sun Yi Ƙarya

Ƙarfe tara saura kwata na safe waya ta yi ƙara a ofishin 'yan sanda. An sace sarƙar gwal a gidan wani tsohon likita, kuma an kulle ƙofar gidan da kowa a ciki.

Insifekta ya ture kofin shayinsa gefe.

"Sajan, ɗauko hularka. Yau ɓarawo ne ke zaman jiranmu."

Autan gidan ne ya buɗe musu ƙofa, yana ta haki. Ya kai su falo, inda Likita ke zaune da tabarau mai kauri, ya rungume wani ƙaramin akwati wanda babu komai a ciki.

"Ta marigayiya matata ce," in ji Likita. "Jiya da yamma na tara 'ya'yana biyu, na ce zan ba amaryar Auta. Yau ƙarfe takwas na buɗe akwati, wayam."

"Wa da wa ke gidan?"

"Ni, da Auta, da yayarsa, sai Bakanike."

Yaya, babbar 'yar Likita, malamar makaranta ce. Tana tsaye jikin taga, ta harɗe hannu.

"Ba sai kun sha wahala ba, Insifekta," ta ce. "Da idona na ga Bakanike ya fito daga ɗakin Baba."

"Ke kina ina lokacin?"

"A kicin. Tun asuba ban taka tsakar gida ba."

Bakanike na zaune a dakalin gareji, dogon dattijo mai furfura. Shekara ashirin yana kula da motar Likita. Auta ya riga ya caje shi har cikin safa, bai sami komai ba.

"Ranka ya daɗe, ban shiga ɗakin kowa ba," ya ce. "Na gama aiki ƙarfe bakwai da rabi, na je famfon baya na wanke hannu, na karya. Yau za a kai Koriya wajen nunin tsofaffin motoci."

"Wace ce Koriya?"

Bakanike ya tura ƙofar gareji.

Insifekta ya tsaya cak. Mota ce mai shekara hamsin da ɗoriya, koriya shar, fitilunta zagaye kamar idon mujiya, bambarta na ƙyalli. Ya zagaye ta sau biyu yana shafa ta.

"Sajan, a irin wannan na koyi riƙe sifana. Mahaifina gyaran wayoyin mota ya yi har ya tsufa."

"Yallaɓai, sarƙa muka zo nema."

"Ita nake nema."

Sai takalminsa ya taka ruwa. Ya duƙa. Ruwa ne ya malala ƙarƙashin gaban motar, ga bokiti a jingine da bango.

"Bakanike, kai ka zuba mata ruwa?"

"Ni? Lagireto cike yake tun jiya. Me zan ƙara?"

"Makulli fa?"

"Na mayar wa Likita."

Insifekta ya leƙa ta taga, ya nuna da yatsa. Makulli na lilo a mazauninsa.

Bakanike ya sunkuyar da kai. "Na manta shi ne. Likita ya hana a bar shi a jiki, shi ya sa na ji nauyin faɗa."

"Ƙarya ɗaya ke nan. Kada ka ƙara, ba ka da wurin ajiye ta biyu."

Insifekta ya shiga mazaunin direba, gwiwarsa ta bugi sitiyari. An matso da kujerar gaba sosai. Ya dubi dogayen ƙafafun Bakanike. Ya murɗa makulli rabi, bai tayar da inji ba.

Allurar mai ta fara hawa a hankali, ta wuce rabi, ta je ƙarshe. Allurar zafi ta bi bayanta, ta shige cikin ja, ta lafe.

Bakanike ya dafe ƙirji. "Wallahi ɗazu lafiyarsu lau. Ni na gwada su."

"Buɗe bonet."

Insifekta ya ɗora tafin hannunsa a kan inji. Sanyi ƙalau. Ya sa aka zura siririyar sanda a tanki, man bai kai kwata ba.

Idonsa ya kawo haske. Ya tuɓe rigar sama ya miƙa wa Sajan, ya naɗe hannu.

"Inji sanyi, ta ce yana tafasa. Tanki na kukan yunwa, ta ce ya ƙoshi. Shaidu biyu sun yi ƙarya lokaci guda, Sajan. Me wannan ke nufi?"

"Sun haɗa baki."

"Ko kuma wani ya saye su. Bakanike, cire wayar da ke kan ma'aunin zafi na jikin inji."

Bakanike ya zare ta. Allura ba ta motsa ba.

"Da laifin ma'aunin ne, da ta faɗo," in ji Bakanike. Ya fara mance cewa shi ake tuhuma. Da gudu ya zagaya bayan motar ya buɗe but, ya cire wayar da ke kan tanki. "Yanzu fa?"

"Tana nan a sama."

"To ba tanki ba ne, ba inji ba ne. Allura ba ta zuwa ƙarshe haka sai in wayarta ta taɓa jikin mota. Kuma wuri ɗaya ne wayoyin nan biyu ke kusa da juna."

"Bayan dashbod," suka faɗa tare.

Insifekta ya kashe makulli, ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafunsa a waje. Sajan ya haska masa tocila. Ya ɗan jima yana lalube, sai aka ji dariyarsa daga can ciki.

"Sajan, kira mutanen gida. Kowa da kowa."

Da suka taru, ya zaro hannunsa a hankali. Sarƙar ta biyo shi tana walƙiya. Ta kwanta ne a kan kusoshin bayan alluran biyu, bakinta ɗaya na taɓa ƙarfen mota. Ya sake murɗa makulli bayan Bakanike ya mayar da wayoyi. Allurar mai ta tsaya ƙasa da kwata, ta zafi ko gezau.

"Ashe nan ya ɓoye ta," in ji Yaya da sauri.

"Bakanike?" Insifekta ya girgiza kai. "Mutumin da ya san kowace waya a motar nan ba zai jefa ƙarfe a bayan dashbod ba. Kuma in ya ga allura a ja alhali inji bai yi minti ɗaya da tashi ba, dariya zai yi, ba bokiti zai ɗauka ba. Wanda ya yi wannan ya iya tuƙi, bai san inji ba. Ya cusa sarƙa a bayan dashbod, ya tayar da mota zai fita da ita, ya ga ja, ya firgita, ya kashe, ya ɗura wa lagireto ruwa har ya yi ambaliya. Kafin ya gama, an gano sata, an kulle ƙofa."

"Ni ko lasin ba ni da shi," in ji Auta.

"Kuma ka fi ni tsawo," in ji Insifekta, "kujerar nan ba za ta ɗauke ka ba. Malama, kin ce ba ki taka tsakar gida ba. Mu ga ƙasan takalminki."

Ba ta ɗaga ba. Amma kowa ya ga gefen takalmin a jiƙe, da baƙin man gareji a jikinsa.

Ta zame ta zauna a dakali.

"Shekara uku ina jinyar Mama," ta ce. "Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka. Ranar da ta daina iya ɗaga hannu, ni na cire mata sarƙar nan, ta ce in ajiye, tawa ce. Jiya Baba ya ce zai ba yarinyar da ko muryar Mama ba ta taɓa ji ba. Gidana kawai na so in kai ta in dawo. Da na ga ja, na ɗauka na ƙona motar Baba."

"Me ya hana ki gaya mini?" in ji Likita.

"Ka tambaye ni, Baba?"

Likita ya kawar da kai. Ta juya ga Bakanike, ta kasa haɗa ido da shi.

"Kawu, kai ka koya mini tuƙi. Ka yafe mini."

Dattijon ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Da sun tafi da ni fa, 'yar nan?"

Ta rufe fuska da hannu.

"Sarƙa maganar gida ce, in Likita ya janye," in ji Insifekta yana mayar da rigarsa. "Amma kin ɗora wa mutum laifi a gaban hukuma. Wannan sai a ofis. Sajan, raka ta."

Ta bi Sajan ba gardama. Motar 'yan sanda ta fita.

Likita ya lallaɓa ya buɗe ƙofar Koriya, ya zauna a gaba, sarƙar dunƙule a hannunsa.

"Na san kai aka zalunta," ya ce wa Bakanike. "Amma ba na gani, kuma 'yata ba za ta zauna can ita kaɗai ba. Za ka kai ni?"

Bakanike ya dubi Likita. Sannan ya ajiye tsumman, ya ja kujera baya, ya shiga.